Rasuwar Hajiya Zuma, Dutsen Wuyan Iya

Da zuciya mai nauyi, da hancin da har yanzu ƙamshi bai bar shi ba, ni Ikrama jikan Iya Ramatu nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Matameye, da na Kance da Dawce da Tsauni, har da na tsallaken iyaka, rasuwar Hajiya Zuma, dutsen wuyan kakarmu. Yanzu da nake rubutun nan la'asar ta yi sanyi, hadari ya haɗo daga gabas ya tsaya a kan garin bai zuba ba, sai iska da ke kaɗa ganyen bedin ƙofar gida. Ta rasu jiya da hantsi a ɗakin Gwaggo Hawa, cikin gata da kulawa. In za a faɗi gaskiya, gatan ne ma ya yi ajalinta.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, girmanta ya kai ƙwan zabo, launinta na zumar da aka ɗaga wa rana, da huda a tsakiya inda igiya ke wucewa. Tsofaffi suna kiran irinta luban, 'yan lakkwal masu karatun boko kuma ambar, wato ƙaron itace da ya daɗe a cikin ƙasa har ya taurare. A cikinta akwai wani kiyashi guda da ya shiga tun kafin a haifi kowa, ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar zai taka, bai kuma taka ba. Mu yaran gida Ɗan Haya muke ce masa. Iya ta gaje ta daga kakarta, ita kuma daga wani ayari da ya zo daga gabas. Da Iya ta je aikin hajji da ita ta tafi a wuya, shi ya sa da suka dawo Iya ta ce duk wanda ya kira ta Hajiya bai kira dutsen ba, ya yi son kai. Daga baya ma sunan ya bar Iya ya zauna a kan dutsen.

Mai haƙuri ce. Babu jinjirin da ya yi haƙori a gidanmu bai cije ta ba, ni ma na cija, kuma ba ta taɓa ramawa ba. Ba ta da nauyi a wuya. Lokacin sanyi da ɗuminta za ka taɓa ta, ba kamar sauran duwatsu ba da ke sa mutum ya zabura. In aka goga ta a bargo aka kusantar da ita ga dusa, sai dusar ta tashi ta manne mata, kuma ba ta taɓa gajiya da yi wa baƙi wannan wasa ba. Fatarta ta yi 'yan tsage-tsage ƙanana, mu kuwa muna ganin tamojin tsufa ne, muna ƙara girmama ta.

Ba mai yawan magana ba ce. In Iya ta sunkuya tana dama fura, za ka ji ta ce "ƙwal" a bakin ƙwarya. In Iya tana tafe cikin fushi, ita da makullin akwati su ce "kacau, kacau", sai kowa ya nemi abin yi tun kafin a iso. A sujada kuma "tuk" take cewa a kan tabarma, a hankali, kamar mai gudun kada ta katse wa wani addu'a. Iyakar abin da muka taɓa ji daga bakinta ke nan, sai kuma kalmarta ta ƙarshe da zan zo kanta.

Babban aikinta a duniya shi ne shigo da amare. Duk matar da aka auro gidanmu, Iya da hannunta take ɗaura mata Hajiya a wuya a ƙofar zaure, ta kwana da ita har ranar buɗar kai. Mahaifiyata ta sa ta, matan baffannina sun sa ta, matan yayyena ma haka. Wanda ke kan layi yanzu ni ne. Amaryar Najaha ce, 'yar Malam Hashimu na Kance, kuma an sa rana wata mai kamawa.

Ciwon ajalinta ya fara ne a ranar sa ranar nan. An dawo daga Kance ana cin goro a tsakar gida, sai Kawu Rabo, ƙanen mahaifiyata da ke fataucin Kano, ya ƙura wa wuyan Iya ido ya ce, "Iya, ba don raini ba, wannan fa roba ce. Irinta na gani a Kano cike da faranti, har da masu ƙwaro a ciki, mutum ya zaɓi ƙwaron da yake so."

Iya ta ajiye goronta. Ta ce, "Rabo, lokacin da Hajiya ke ɗawafi kai kana ina?"

Ya ce, "Ina shago, Iya."

Ta ce, "To ka koma shagon."

Aka yi dariya, har da ni. Amma Iya ba ta gama ba. Ta ce Hajiya ba za ta sake hawa wuyan kowa ba sai an wanke sunanta, kuma amarya ba ta shigowa gidan nan ba Hajiya a wuyanta. Aka sake yin dariya. Wannan karon ban da ni, don na san Iya.

An gwada maganin gida. An sa ta a ruwan gishiri ta taso sama, Kawu ya ce wata robar ma tana tasowa. An goga ta a bargo ta ɗauki dusa, Kawu ya goga murfin bik ɗinsa na rubutu shi ma ya ɗauka. Wani ya kawo shawarar a ɗora mata allura mai zafi a shinshina hayaƙin. Iya ta ce ta yarda, amma a fara gwada allurar a kunnen Rabo a ga ko shi ma na gaske ne.

Ana haka Ilham ta zo hutu. 'Yar Kawu Rabo ce, taubashiyata, tana karatun kimiyya a Damagaram. Ta ce a laboratuwar da take koyon aiki akwai wani inji da ke gane asalin abu ba ƙuna ba fasawa. Iya ta ce, "Uban ya kawo ƙara, 'yar ta zama alƙali?" Ilham ta ce, "Iya, injin bai san babana ba. Ko gaishe shi ba ya yi." Iya ta kalle ni ina zaune ina ta murza hula, sannan ta cire Hajiya ta naɗe ta a auduga ta sa a gwangwanin shayi, ta ce ni zan raka ta, kuma kada in sa ta a bayan mota tare da kaji.

A cinyata ta yi tafiyar. A hanya wani jandarma ya tambayi abin da ke cikin gwangwanin, na ce mara lafiya ce za a kai gwaji. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon Ɗan Haya, ya rufe, ya ce Allah ya ba da sauƙi.

Ɗakin gwajin sanyi gare shi kamar cikin randa. Injin bai kai akwatin lefe girma ba, fari, da wani ɗan ido a samansa, an haɗa shi da ordinatar, wato kwamfuta. Ilham ta sa farar riga ta koma wata babbar mace, amma bakin nan nata na nan. Ta ce, "Ango, zauna can kada ka shaƙe mana iskar." Na roƙe ta ta yi mini bayani yadda zan iya maimaita wa Iya, ga kuma abin da na riƙe.

Ta ce kowane abu a duniya, har wannan tebur, an gina shi da wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, riƙe da hannun juna, kuma ba sa zama shiru, kullum cikin rawar jiki suke. Wasu su miƙe su dawo, wasu su lanƙwasa, kowane iri da saurin rawarsa. Injin yana aika wani haske da ya wuce ja, wanda ido ba ya kamawa. Inda hasken ya yi daidai da rawar wasu ƙwayoyi sai su shanye shi, sauran ya dawo ya ba da labari. Ordinatar kuma ta zana labarin a layi mai tudu da kwari. Roba da nata layin, luban da nasa, ƙaron da bai tsufa ba da nasa. Na ce ashe duk shekarun nan da muke ganin Hajiya zaune da natsuwa, rawa take a ciki. Ilham ta ce har ni ma, musamman in an ambaci Kance.

Sai da ta kankari ɗan gari daga cikin hudar, wanda bai kai abin da ke maƙalewa a farce ba. Na juya baya lokacin. Ta ɗora a kan idon injin, ta danne da wani ɗan ƙarfe. Babu ƙara, babu hayaƙi. Kafin in gama karanta Fatiha layin ya fito.

Ilham ta jera shi da wasu layuka ta daɗe tana dubawa, ta kira malaminta shi ma ya duba, suka yi magana da Faransanci. Sannan ta ce, "Albishirinka, ba roba ba ce. Babana ya sha kaye." Na yi hamdala. Ta ce, "Tsaya. Ba kuma tsohon luban ba ne." Ta nuna mini wani wuri ta ce luban da ake tsinta a bakin tekun ƙasashen sanyi yana da wani shimfiɗaɗɗen tudu a nan da suke kira kafaɗa, Hajiya ba ta da shi. Ta nuna wani tsini siriri ta ce wannan kuma alamar ƙuruciya ce, yana dushewa in ƙaro ya yi shekaru miliyoyi a ƙasa, na Hajiya kuwa tsaye yake cak. Ƙaron itace ce ta gaske, dangin ƙaron maje, ta taurare amma ba ta gama nuna ba. Injin ba ya faɗar shekarar haihuwa, ta ce, amma a dangin luban Hajiya ko yaye ba a yi mata ba.

Da za mu rabu ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ikrama, saurara da kyau. Irin wannan ba ta son turare mai barasa a ciki, laushi take yi ta yi danƙo. Ba ta kuma son wuta, nan da nan take narkewa. Tsagen nan na fatarta ba tsufa ba ne, wahala ce. Ka faɗa a gida."

Na faɗa a gida. A tsakar gida na faɗa, bayan la'asar, kowa na zaune. Kawu Rabo ya ce shi dama cewa ya yi ba luban ba ce, an ga gaskiyarsa. Iya ta ce roba ya ce, kuma akwai shaidu. Maganar kafaɗa ta ce abin da ke zaune a wuya ina ruwansa da kafaɗa. Maganar ƙuruciya kuwa daɗi ta yi mata, ta ce ita dama ta san masu tsufa a gidan nan ba su biyu ba ne. Ta ce suna ya wanku, biki na nan. Matan gida suka yi guɗa. Ni na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi murmushi ni kaɗai.

Kun san yadda muke yi wa wanda ya dawo daga asibiti ko doguwar tafiya. Ba a barinsa haka nan da warin mota. Gwaggo Hawa, ƙanwar mahaifina, ita ce gwanar turare a unguwarmu, a wajen dangin mijinta Barebari ta koya, kuma babu amaryar da ake kaiwa ba ta bi ta hannunta ba. Ta ce Hajiya ta sha hannun baƙi, an kankare ta, an haska mata wutar da ba a gani, dole a yi mata gyaran jiki kafin biki. Na maimaita abin da Ilham ta ce. Gwaggo ta ce, "Ɗana, turaren Nasara take nufi, mai fesawa. Tawa humra ce, da hannuna na haɗa." Ba ta tuna kwalaben turaren kanti da take tsiyayawa a cikin haɗin ba, ni kuma ban san ana zubawa ba sai yau. Na ce to wutar fa? Ta ce, "Wa ya ce wuta? Hayaƙi ne. Ka taɓa ganin amaryar da hayaƙi ya narkar?" Ban taɓa gani ba, sai na bar mata Hajiya.

A kwanon humra ta kwana, irin wadda Gwaggo ke ɓoye wa 'ya'yan manya. Da safe aka ciro ta jikinta ya yi laushi, tana manne wa yatsa. Gwaggo ta ce gumi ne, gajiyar hanya ce ke fita. Don ta bushe, aka hura garwashi a kasko, aka zuba turaren wuta, aka ɗora ragar ƙarfe, aka kwantar da Hajiya a kai, aka lulluɓe da sabon zane. Gwaggo ta zauna a gefe tana yi mata kirari.

Ina bakin rijiya na ji ƙamshin. Ban san yadda zan kwatanta shi ba. Kamar an buɗe wani daji da aka rufe tun zamanin da, ruwa ya sauka a kansa. Awaki sun daina cin harawa. Mai waina na ƙofar gida ta bar tanda ta shigo. Waɗanda ke ɗakin sun ce sun ji marigayiyar ta ce "tsssss", dogo, sannan ta ce "fat". Da aka yaye zanen, ragar babu kowa. Ta bi ta ramukan ta sauka cikin garwashi, ita da Ɗan Haya, wanda a ƙarshe dai ya sauke ƙafarsa.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. Kafin azahar gidan ya cika da matan unguwa, rabi sun zo jaje, rabi sun zo tambayar sunan turaren. Wata har ta ja Gwaggo gefe tana cikin kuka ta ce in ta huce ta haɗa mata irinsa, 'yarta za ta yi aure. Na kira Ilham a salula. Abin da ta fara cewa shi ne, "Iya fa?" Ko "ai na faɗa maka" ba ta ce ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarta.

Iya ba ta yi kuka ba. Ta leƙa kaskon, ta koma ɗakinta ta zauna. Da Malam limamin unguwa ya zo, mahaifina ya tambaye shi a gabanta game da maganar da ta yi cewa amarya ba ta shigowa ba Hajiya a wuyanta. Malam ya ce rantsuwa tana da kaffara, a ciyar ko a yi azumi. Iya ta ce ita ba rantsuwa ta yi ba, magana ta yi, kuma ba ta taɓa jin kaffarar magana ba. Malam ya sha ruwa ya tafi. Ni kuma tun jiya ina ta lissafin kwanaki, don mutanen Kance sun riga sun sayi kwanoni.

Marigayiyar ta bar Iya, abokiyar zamanta. Ta bar ƙwaryar fura da makullin akwati, wanda tun jiya yake kaɗawa shi kaɗai ba mai amsa masa. Ta bar ɗan garin jikinta a wata ƙaramar kwalba a Damagaram, da hoton rawarta a cikin ordinatar. Ta bar matan aure da dama, da manyan maza masu haƙora lafiyayyu. Ta bar Gwaggo Hawa, wadda muke roƙon kowa ya tausasa mata, don abin da ta yi mata shi take yi wa duk wanda take ƙauna. Ta bar Kawu Rabo, da ya zo da sassafe idonsa ja, da wani dutsen Kano mai kunama a ciki, ya ajiye a gaban Iya, ya jima, ya ɗauki abinsa ya mayar aljihu.

Abin da ya rage na jikinta bai fi ƙwayar gyaɗa ba, baƙi, manne a gindin kasko. Malam ya ce babu wanka, babu likkafani, babu salla, amma bai hana mutane zama su sha shayi ba. Za a binne ta da kaskon gaba ɗaya gobe da hantsi, a gindin lemun da ke bayan ɗakin Iya, in hadarin nan ya zuba ƙasa ta yi taushi. In bai zuba ba, mai diga ya taho da ita. Zaman gaisuwa a tsakar gida ne, kowa ya zo da tabarmarsa. Ana roƙon masu zuwa kada su shafa turare, akwai wanda ya ishe mu a bango da katifa. Kada a kawo wa Iya wani dutse. Kada kuma a tambayi Gwaggo haɗin, ba a samun kayansa a kasuwa.

Har na ajiye bik, sai Gwaggo ta leƙo zaure da kumburarrun idanu ta ce Iya ta ce in daina zama kamar kazar da ruwa ya daka, in tashi in je wajen tela, kwana na ƙurewa. Ba ta faɗi dalili ba. Abin da na sani kawai shi ne abin da na gani ɗazu ta kafar zana, don bai kamata in shiga ba surukai na ciki.

Najaha ta zo gaisuwa tare da innarta, ta zauna can ƙarshen tabarma, mayafi har goshi. Iya na amsa gaisuwar mutane, amma hannunta sai zuwa yake wuyanta yana lalube, ya dawo, ya sake komawa. Igiyar fatar da Gwaggo ta zare kafin wankan humra tana yashe a bakin ƙofa, an tattaka ta. Najaha ta miƙa hannu ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta goge da bakin mayafinta. Ta ƙulla wani ƙulli mai kauri a tsakiyarta, daidai inda yatsa zai samu abin riƙewa, ta rarrafa ta bayan Iya ta ɗaura mata. Iya ba ta waiwaya ba, ba ta ce an gode ba. Ta kama ƙullin, ta ci gaba da amsa gaisuwa, ta ɗan matsa wa Najaha gefe a kan tabarmarta.